Kwanon Gide

Shekarar da gyada ta yi wa Gide kyau, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka sauke jinkar shagon ɗinkinsa da ke bakin kasuwar Ƙanƙara, aka ɗora kwano. Daga Funtuwa aka kawo shi a mota. A lokacin nan, wajen 1955, da wuya ka ga kwano a kan ginin talaka. Mutanen 'Yargoje da Tafoki in sun zo cin kasuwa sai sun tsaya sun kare ido da hannu suna kallo, Gide kuwa yana gefe yana gyara zaman hula, ka ce shi ya ƙera shi.

Abin haushin shi ne Gide ba ya zama a shagon. Ƙanensa Rabo, tela, shi ke wuni a ciki. Keken ɗinkin na Rabo ne, ginin na yayansa. Rabo mutum ne marar hayaniya, ba shi da doki, ba shi da babbar riga ta a zo a gani. Abu ɗaya yake taƙama da shi a ransa: tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko shekarar da kurkunu ya kwantar da shi.

Tun ana cikin sanyi ya hango abin da ke tafe. Azumi zai faɗo tsakiyar bazara, kuma a cikin azumi ake ɗinkin sallah. Ya riga ya ɗanɗana kwanon nan a zafin kaka, ya san ba wasa. Saboda haka kafin a ƙone daji ya sayi dammunan shuci, ciyawar baibaya, wajen wasu mutanen Sabuwa, ya jibge a bayan shago. Ya yi magana da Mani mai baibaya: a shimfiɗa kara a kan kwanon, a bi shi da shuci, a kuma huda taga a bangon baya don iska ta riƙa ratsawa. Saura izinin mai gini.

"A ruhe mi?" in ji Gide. "Kwanon? Rabo, lahiyarka ƙalau kuwa? In tahi har Huntuwa in sawo kwano, sannan in sa mashi ciyawa bisa? To mi za a gani?"

"Yaya, masu kallo waje suke. Ni ka zama ciki."

"Kowa da ciyawa ya saba. Wanga ci gaba ne."

"To tagar fa?"

"Taga ƙofar ɓarawo ce. Yadin mutane na ciki, in ya ɓace wa za a kama?"

Rabo ya koma, ya sake komawa. Kullum amsar ɗaya ce: bari dai mu gani. Gide ya iya wannan kalma, da ita yake sallamar kowa. Da abin ya ishi Rabo sai ya kai ƙara wajen Goggo Dada, ƙanwar mahaifinsu, wadda ita kaɗai Gide ke jin nauyi. Ta kira shi ta wanke shi tas. Ya fito yana sosa ƙeya, ya ce ya yarda a baibaye.

Ran da Mani ya zo da tsaninsa, sai ga Gide tsaye yana nuni da sanda. Ɓangaren baya kaɗai za a rufe, wanda ke kallon juji. Na gaba, mai kallon kasuwa, kada a kuskura a taɓa shi. Ƙofar shagon yamma take kallo, kuma a bakin ƙofar nan keken yake zama saboda haske. Wato dai an yi wa tsummoki da ɓeraye inuwa, an bar tela a rana. Mani ya dubi Rabo, ya dubi sama, ya haɗiye dariyarsa, ya hau ya yi abin da aka sa shi.

Sauran shucin kuwa, da yake ya yi saura da yawa, Gide ya sa aka kwashe zuwa gidansa aka sabunta rufin bargar dokinsa. Ya ce doki dabba ce da ba ta jure zafi. Rabo ya ji wannan magana da kunnensa. Ransa ya ɓaci har ya kasa cin tuwo, amma yaya yaya ne, sai ya koma kan kekensa.

Azumi ya kama. Tun da hantsi kwanon ke fara ƙas-ƙas, kafin azahar shagon ya zama tanda. Rabo ya yi duk dabarar da ya sani. Ya jiƙa buhu ya rataya a ƙofa, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya ajiye randa a kusurwa. Kafin ya koma kan kujera buhun ya bushe ƙamas. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan farin yadin mutane. Ya gwada fitar da keken waje, guguwar bazara ta cika ɗinkin da ƙasa, Gide kuma ya aiko a ce masa ya koma ciki, kada a ce kwano ne ya kore shi. Aikin fitila kuwa idonsa ba ya ganin zare. Ya ci gaba da taka keke, leɓɓansa sun tsattsage, kansa na sara, yana ce wa ransa saura kaɗan.

A goman ƙarshe, ranar kasuwa, bayan azahar, yana kan wuyan wata farar riga. Rigar sallar Gide ce ma. Ya ga allura ta zama biyu. Ya ɗaga kai don ya ja numfashi, sai duhu ya rufe shi, ya sulale daga kujera.

Aka yi ca. Aka ciccibo shi zuwa gindin gawon da ke gefen mahauta. Gide ya sheƙo a guje, ba hula, ba takalmi, yana kiran sunan ƙanensa da wata murya da ba a san shi da ita ba. Ya kwara masa ruwa a kai, bai motsa ba. Sai ya tallafo kansa, ya buɗe masa baki, ya ɗura masa ruwan da ludayi.

Rabo ya farfaɗo yana tari. Ya ji sanyi a maƙogwaronsa. Ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya ce a hankali, "Rana ta hwaɗi?"

Ko la'asar ba a kira ba. Ya juya fuska wajen gawon, hawaye na bin kuncinsa, mutane suka sunkuyar da kai don kada ya ga sun gani.

Nan take Gide ya aika a kira Mani, a rufe kwanon gaba ɗaya, a huda taga, a yi duk abin da Rabo ya ce.

"Tagar kam, na iya huda ta gobe," in ji Mani. "Amma shuci ina za a same shi yanzu? An ƙone daji tuni. Ko Faskari ka tahi ba ka samun dami guda. Wanda ya rage garin ga, shina bisa bargarka."

Washegari da safe aka ga Rabo ya ɗauko kan keke a kafaɗa, ya ratsa kasuwa bai gaida kowa ba. Ya dawo ya ɗauki ƙafafun. Gidan Gide ya nufa, ya shiga barga, ya share kashin doki gefe guda, ya kafa kekensa a cikin inuwar shucin da ya saya da hannunsa. Dokin ya dube shi, ya ci gaba da cin harawa. Wurin da sanyi, har iska na shigowa ta tsakanin zana.

Gide ya zo ya tsaya a bakin barga.

"Rabo, mutane za su gani," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Rabo bai ɗago ba. Ya zura zare, ya jawo wuyan farar rigar ƙarƙashin allura.

"Matsa, Yaya, ka tare mani haske. Ramuwar azumi guda na kaina, ba ni son ta zama biyu."