Inda Aka Shanya Masara

A shekarar da aka karya darajar naira, masaƙar da Shekari ke aiki a Kakuri ta mayar da ma'aikatanta rabin albashi. Banki kuwa bai san wani rabi ba. Gidan Shekari na Unguwar Boro da bashin banki aka gina shi, ga shi biya ya tsaya, an kuma yi masa kashedin ƙarshe: ko ya biya kafin ƙarshen wata, ko a yi gwanjon gidan.

Ana cikin haka wani abokin aiki ya haɗa shi da Ernest, wakilin wani sabon kamfanin ba da rance. Irin kamfanonin nan ne da suka tsiro a lokacin kamar ciyawar damina. Za su biya banki duk abin da ya saura, bashin ya dawo hannunsu, biyan wata ya yi sauƙi, shekaru su ƙaru. Sai dai in an kuskure biya sau biyu, gida ya zama nasu, ba kotu ba roƙo. Kafin nan Ernest zai zo ya ƙiyasta darajar gidan.

Abin da ya tsaya wa Shekari a rai yana bayan ɗaki. Mahaifiyarsa ta rasu ne tsakiyar damina, ruwa ya cinye hanyar ƙauyensu, aka binne ta nan cikin gida. Dangi sun yi ta mita, don su a wajensu gawa ƙauye ake kai ta. Bai yi wa kabarin siminti ba, yana jiran ya gama da banki, har ƙasar ta kwanta daidai da tsakar gida. Gicciyen katako ne kaɗai shaida. To, an faɗa masa a masaƙa cewa gida mai kabari ba ya daraja a idon masu rance.

Ranar Asabar ɗin da Ernest zai zo, da safe ya zare gicciyen ya tura ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa tabarma a wurin, ya baza masara.

"Baban Juliana, Mama ce fa a nan," in ji matarsa Dorcas.

"Na fi ki sani. Na yini ɗaya ne."

Ernest ya iso a kan basfa, takalminsa sai sheƙi. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta kai zuci. Bai tambayi albashi ba, bai tambayi ko masaƙa za ta farfaɗo ba. Bango ya dinga ƙwanƙwasawa, yana leƙa rufi, yana jinjina ƙofofi. Shekari ya taɓa ganin irin wannan dubawar a kasuwar shanu ta kara, wajen mahauta masu taya sa.

Suka zagaya baya. Can wajen Rido hayaƙin matatar mai ya yi baƙi ya tokare sama. Ernest ya ture masara da gefen ƙafa, ya hau tabarmar ya tsaya. Dorcas ta toshe baki da gefen zani.

"Oga, wannan fili ka bar shi a banza," in ji Ernest. Ya buga dunduniya sau biyu. "Ƙasar ma da laushi. Nan ai ramin masai ya dace, sokawe, ɗakunan haya su bi ta can."

Shekari bai san lokacin da ya ce, "Sauka!" ba. Ya fizge tabarmar, masara ta watse, kaji suka rugo. "Uwata ce a nan. Kabari ne. Na ɓoye maka ne."

Ya tsaya yana haki, yana jiran mutumin ya naɗe takardunsa ya tafi. Wallahi da ya tafi ɗin, da Shekari ya ji sanyi, don an raba shi da zaɓi.

Ernest ya karkaɗe takalmi, ya yi murmushi.

"Haba Oga, don wannan? No wahala, ba ya rage komai. Mun saba. A Rido ma gidaje biyu da suka dawo hannunmu da kabari a ciki. Muna da leburorin da ke yin aikin tonewa, kafin azahar sun gama."

Ya miƙo biro.

Shekari ya dubi Dorcas, ta girgiza kai, hawaye na zuba. Amma girgiza kai ba ya biyan banki, wata kuma ya riga ya yi nisa. Idan ya ƙi, gwanjo ne cikin kwanaki. Idan ya karɓa, ya sayi 'yan watanni, ko Allah zai sa masaƙa ta tashi. Ya jingina takardar da bango ya sa hannu.

Ƙarar basfa ta ɓace. Dorcas ta shiga ɗaki ta ɗauko gicciyen, ta durƙusa za ta kafa shi.

"Bar shi," in ji Shekari. "Je ki kira min ƙanena Ayuba. Ki ce ya nemo mota mai zuwa ƙauye, ya zo da diga da shebur."

"Ai ba mu kuskure biya ba tukuna."

"Na sani. Amma ba leburorin Ernest ne za su taɓa Mama ba."