Wuƙar Baba Mai Dashe

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, ruwan sama ya ɗauke ke nan, indararo na ta ɗiga cikin bokiti, na shiga ɗakin Baba Mai Dashe rungume da gwangwanaye uku. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Wata biyu ke nan yana kwance, ƙafafu sun kumbura, hannu na rawa.

"Ajiye su nan, Mai Faci. A'a, kusa da taga, idona ba na saurayi ba ne."

Na ajiye. Ya warware ledar da na ɗaure a kan dashen farko, ya taɓa reshen da yatsa, reshen ya faɗo, ya bushe ƙayau. Na biyu haka, na uku ma haka.

"Guda nawa ka yi?"

"Arba'in, Baba."

"Nawa suka kama?"

Na sunkuyar da kai. Sai ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai ɗan nan! Wannan ai ba aure ka yi musu ba, faɗa ka haɗa su."

Bari in faɗi yadda aka yi ni mai facin taya na faɗa harkar itatuwa. Cocinmu ƙarami ne. Tun ban san kaina ba wasu 'yan'uwa na ƙasar waje ke aiko da abin da ake biyan Fasto, har kwanon rufin ma su suka saya. Shekara shida da suka wuce, Baba ya miƙe a taron ikilisiya ya ce shi dai ya gaji da wasiƙar godiya wadda kullum akwai roƙo a ƙarshenta. Ya nemi a ba shi filin bayan coci, ya jera gwangwanayen madara, ya shuka ƙwallon mangwaro a ciki. In sun tasa sai ya yi musu aure: ya datse kan ɗan dashen, ya tsaga shi, ya feƙe reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya ya soka a tsagar, ya ɗaure da leda. Mai aure ba ya daɗewa yake fara haihuwa, shi ya sa masu lambu har layi suke yi a bayan coci.

Da kuɗin dashen nan da baikon Lahadi muka fara tsayawa da ƙafarmu. A bana dattawa suka rubuta wa 'yan'uwan nan cewa mun gode, daga sabuwar shekara su kai taimakon inda aka fi mu bukata. Ranar da aka karanta wasiƙar, har Ma'aji, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya taka rawa. Sati biyu bayan nan Baba ya kwanta, kuma duk cocin babu wanda ya iya auren sai shi. Ya ce a ba shi ni, wai mutumin da ke liƙe roba ba ta yoyo ya san haɗa abu biyu.

Muna nan zaune da matattun dashena sai 'yarsa ta shigo da shayi. Malamar makaranta ce, ta ɗauki hutu don jinyarsa, Uwata yake kiranta. Ya karɓi kofin, hannu ya yi rawa, kofin ya suɓuce. Na cafe shi kafin ya kai ƙasa.

Baba bai dubi shayin da ya zube ba, hannuna yake kallo. Ya ɗauki murfin kwalbar magani ya jefo mini. Na cafe.

"Mai Faci, kai bahago ne?"

"Da can ne, Baba. Malaminmu na aji biyu ya raba ni da hagun da rula."

"A shagonka da wane hannu kake yankan roba?"

"Da hagu."

"To a lambuna fa?"

"Ai wuƙarka ce, Baba. Ta yaya zan riƙe maka wuƙa da hagu, kana kallo?"

Ya dafe kai da hannu biyu. "Uwata, zo ki ga ikon Allah! Ladabi ya kashe mini dashe arba'in!"

Muka yi dariya mu uku har na ji hawaye. Ya miƙo mini reshe ya ce in feƙe da hagun. Na gwada, wuƙar ta riƙa nutsewa cikin itacen tana cin sa. A nan ya nuna mini abin da ban taɓa lura ba: wuƙar aure gefe ɗaya ake wasa ta, ɗaya gefen a shimfiɗe yake. Tasa ta mai hannun dama ce, shekara arba'in tana aljihunsa.

"Uwata, ɗauko mini dutsen washi, yana ƙarƙashin gado."

"Baba, likita ya ce ka huta."

"Cewa ya yi kada in tashi. Kin ga na tashi?"

"In ka juya kaifin, kai da me za ka yi aiki in ka warke?"

Ya dube ta ya yi murmushi. "Ɗebo mini ruwa kaɗan a murfi, dutsen ya bushe."

Ta fita ta ɗebo.

Kwana biyar yana wannan aikin. Kowace safiya ina wanke fuska sai in ji ta bango, shuu, shuu, ya huta, ya ci gaba. Na ce in kai wa mai injin washi, ya ce inji ƙona ƙarfe yake yi. Fasto ya zo dubiya ya same shi da dutse a cinya, zanin gado duk baƙin ruwa.

"Baba, wannan wahalar fa? Ko in rubuta wa ƙasar waje su aiko mana da ta bahagwai?"

"Fasto, in ka taɓa biron nan, wallahi yau zan tashi daga gadon nan."

Fasto ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge.

Rana ta shida ya miƙo mini wuƙar. Na kai hannun dama, ya buge shi. Na karɓa da hagu. Jan farko reshen ya fita sumul, fuskar yankan na sheƙi kamar an shafa mai. Na kwaso gwangwanaye a baro na zauna gindin tagarsa, ina yanka yana leƙowa yana faɗa: na matse ledar da yawa, na bar reshe a rana, na cika kallon 'yan mata masu wucewa. Wannan na ƙarshen ƙarya ce, ko kusan ƙarya.

Sai jira. Aure yakan ɗauki sati uku kafin a san ya kama, Baba kuwa kullum ƙara ramewa yake yi. Abinci cokali biyu, magana ƙasa-ƙasa. Duk safiya in na dawo daga bayan coci sai ya ɗaga gira, ni kuma in girgiza kai.

Rana ta sha tara na je ban ruwa, sai ga ɗan toho ja-ja, ƙanƙane kamar kunnen ɓera, ya leƙo ta saman leda. Na duba na kusa da shi, shi ma haka. Layi guda, layi biyu. Na lodo baro na taho da gudu, tayar na kuka, na tarar matan zumuntar cocinmu sun zo gaishe shi. Da suka ga abin da na ɗauko, babu wadda ta tambaya, waƙar yabo kawai ta ɓarke a tsakar gida. 'Yarsa ta tallafe shi ya zauna. Na ɗora masa gwangwani ɗaya a cinya. Ya daɗe yana shafa ganyen da bayan yatsa.

"Ya kama," in ji shi. Ya waiwayi matar Fasto. "Ki gaya wa maigidanki ya ci abinci ya ƙoshi, albashinsa ya samu."

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, mata na wanki a tsakar gida, 'yarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Da ganin fuskarta mata suka tsame hannu daga kumfa, sun gane Baba ya cika.

Ranar da muka kai shi makwancinsa an yi rana mai zafi, ga kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Waƙa aka yi ta yi, masu lambu suka zo daga nesa, kowa da labarin bishiyar da ke gidansa. Sai muna dawowa da yamma na tuna tun jiya ban ba dashe ruwa ba, kuma sabon toho ba ya jure ƙishi. Na bar mutane a hanya na ruga bayan coci.

Kowane gwangwani ƙasarsa a jiƙe take, har na can ƙarshen layi. A tsallaken titi mai wankin unguwarmu, wanda ba ɗan cocinmu ba ne, yana kife bokitai biyu a ƙofar shagonsa, ƙafar wandonsa sharkaf. Na ɗaga masa hannu. Bai ma dubo ba, ya kakkaɓe wata farar riga ya shanya ta a igiya.