Tsumma a Bakin Bututu

Luƙman mai walda ne a Dogon Dutsi, kuma irin mutanen nan ne da ba su iya cewa suna son mutum da baki, sai dai su je su ƙera masa wani abu. Da matarsa Karima ta tafi haihuwar fari gidan mahaifiyarta, Inna Sahura, a Dumega, cikin tsakiyar ɗari, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Karima tana da fuka. Hayaƙin icce kaɗan ya isa ya hana ta numfashi, ga shi jego a ƙauye ba ya yiwuwa sai da wuta: a dafa ruwan wanka safe da yamma, a ɗumama ɗaki har bango ya yi gumi.

Sai ya zauna ya ƙera murhu. Akwatin ƙarfe ne mai kan wuta na iskar gaz a ciki, rabin duro a bisansa na dafa ruwa, da bututu a bayansa. Ya ɗauro kayan a moto, wato babur, har Dumega, ya huda bangon ɗakin maijego, ya fitar da bututun waje, ya lanƙwasa shi sama, ya sa masa hular kwano. Inna Sahura ta ga ga ma'aikaci har gida, ta ce ko zai duba mata ƙofar ɗakin, ta karkace ba ta rufuwa. Ya gyara ta da murna, ta koma tana rufuwa ruf. Wane suruki ne zai ƙi a yaba masa?

Kafin ya tafi ya durƙusa nesa da ita, kai a ƙasa, kamar yadda ya dace.

"Inna, wanga bututu shi na hancin murhu. In anka toshe shi, dahin da wuta ka hiddawa cikin ɗaki shika tsayawa. Ba shi da wari, ba a ganin shi. A dinga barin taga buɗe kaɗan."

"To, ɗana. Allah shi yi albarka."

Wanda ya san tsofaffin mata ya san irin wannan "to". Luƙman bai sani ba, ya hau moto yana jin kansa gwani.

Karima ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Habu, sunan mahaifin Luƙman. Kunya ta zama biyu ke nan: ɗan fari, kuma mai sunan uba. Ba zai ɗauke shi gaban suruka ba, ba zai ambaci sunansa ba, ko kallon kirki sai a sace.

Bayan suna ya dawo da sabuwar tukunyar gaz. Tun daga bakin zaure ya hango turmi a kife gindin bango, ya ɗaga kai ya ga tsohon zane an cusa ƙarƙashin hular bututu. Ya ajiye tukunyar. Ya leƙa ɗakin: taga an liƙe ta da buhu, wutar da ya bari shuɗiya ta koma ruwan ɗorawa tana lilo, gindin duron ya yi baƙi ƙirin. Karima tana kwance ta ɗaure kai da kallabi.

"Kaina ka ciwo, kamar a tsaga shi," ta ce masa a hankali. "Inna ta ce na jego na."

Inna Sahura ta shigo da ƙwaryar kunun kanwa, fuskarta cike da fara'a.

"Kai, ban taɓa ganin jinjiri mai haƙuri kama wanga ba. Ko kuka bai yi. Sai an tashe shi shika shan nono."

Luƙman ya gane ba haƙuri ba ne, dafin ne ke kwantar da yaron. Ya so ya fizgo yaron ya fita da shi sarari, hannunsa har ya motsa, kunya ta mayar da shi. Ya fita, ya taka turmin, ya zare tsumman.

"Inna, don Allah a yi haƙuri, kada a sake sa shi."

"Ɗana, na sa hannu bakin abin ga da sahe, sanyi ka kwararowa ta ciki kamar ruwa." Ta ajiye ƙwaryar. "Ƙanwata Adama haka ta tahi. Sanyi ya shige ta cikin jego, ta kumbura, ta bar jinjiri. Ni na yi mata wankan gawa. Ba ni yi ma ɗiyata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau turmi ba shi hango shi."

Ba mugunta ba ce, da mugunta ce da ya san yadda zai yi da ita. Tsohuwar tana tsoron abin da ta gani da idonta, shi kuma yana ba ta labarin abin da ba a gani, ba a jin warinsa.

Ya roƙa a ba shi matarsa ta ƙarasa jego a Dogon Dutsi.

"Kahin arba'in? Mutanen Dumega su ce na kasa riƙon ɗiyata?"

Ya koma wajen Karima, ya ce ta dinga buɗe taga in Inna ta fita. Ta ce tana yi, Inna na dawowa ta rufe, kuma uwa ce, ta yaya za ta yi ta ja-in-ja da ita? Hawaye ya gangaro mata, ta juya fuska bango.

Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya kashe murhun, ya kwance tukunyar gaz, ya ce ta lalace sai an kai ta gyara. Yana cikin ɗaure ta a moto ya ga Inna Sahura ta wuce da kasko cike da garwashi, tana hura shi, ta shiga ɗakin ta jawo ƙofa. Bai gama ƙulla igiya ba ya jiyo tarin Karima, wannan mai fita da shessheka. An gudu ba a tsira ba. Sai ya sauke tukunyar, ya mayar da ita, ya ce ashe ta gyaru.

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya nemo ragar ƙarfe a kasuwar garin, ya naɗe bakin bututun da ita, ya ɗaure da waya yadda tsumma ba zai shiga ba. Inna tana kallonsa daga inuwa tana tsinken zogale. Ya koma Dogon Dutsi, ya yi ta walda hankalinsa na Dumega, yana kiran Karima safe da yamma don kawai ya ji muryarta.

Ranar da ɗari ya fi tsanani, da hantsi, ya kira. Wayar ta daɗe tana ƙara, sannan aka ɗauka. Inna Sahura ce.

"Lahiya lau muke, ɗana. Na dahwa musu ruwa tun da asuba, ɗaki ya yi ɗumi. Ragar ga taka ba ta tare sanyi, sai da na rufa mata leda na ɗaure. Suna ta barci abinsu, ita da jinjirin. Na yi kira daga waje ba su amsa ba, na ce bari su huta."

"Inna, buɗe ƙohwa."

"Sanyin ga duka?"

"Ki buɗe ƙohwa! Ki hiddo su waje! Ki hiddo min Habu!"

Tunda ya auri ɗiyarta bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba, yau ga shi yana mata tsawa, har da kiran sunan ɗan fari gatsau.

"Au," ta ce. "Yau ni aka yi ma tsawa."

Ta kashe wayar.

Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya bar ƙarfe da wuta a ƙasa, ya buga moto, ta ƙi tashi saboda sanyi, ya sake bugawa yana kuka kamar yaro, mutanen layi suna tambayarsa lafiya. Dumega da nisa. Abin da ake buƙata bai wuce hannu ɗaya ya tura ƙofa ba, kuma ƙofar shi ya gyara ta, ya san ko zirin iska ba ta bari ya shiga.