Fitilun Jif ɗin Haidar

Kabiru direba ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya sake murɗawa har makullin ya nemi lanƙwashewa, amma ko tari ba ta yi ba.

"Tayar da ita mana!" Uwani mai girki ta daka masa tsawa daga kujerar baya. Ta tallafo kan Baba Idi, mai ba shukoki ruwa a gidan maƙwabta. Bakin tsohon ya karkace, hannunsa na dama yana reto kamar ba a jikinsa yake ba. "Kabiru, rai ne fa a hannuna!"

"Babu batir." Ya naushi sitiyari. "Tsinannun fitilun nan sun shanye shi."

Jif ɗin ta Haidar ce, autan Alhaji Baffa, maigidan Kabiru. Da idanunta biyu ta zo kamar kowace mota, amma Haidar ya ga ba su ishe shi ba. Ya sa aka ɗora mata wata zungureriyar fitila a kan rufi, aka jera ƙanana a gaba, aka ƙara masu walƙiya ja da shuɗi don talakawa su kauce masa a titi, sannan aka zagaye ƙarƙashinta da masu canza launi. Wayoyinsu duka suka taru a wani baƙin akwati kusa da batir, shi ke ba kowace wuta. Mai haɗawar ya so ya kafa madannai a gefen sitiyari, Haidar ya ce wannan ƙauyanci ne, a mayar masa da komai cikin wayar hannunsa. Daga ranar, fitilun ba sa jin maganar kowa sai tasa.

Ranar Alhamis da yamma ya tara abokai a baranda, yana latsa waya, motar tana ta ƙyafce-ƙyafce ita kaɗai a tsakar gida. Baba Idi ya leƙo ta get da tiyo a hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haidaru, wannan mota ce ko gidan biki?"

Da safiyar Juma'a mutanen gidan suka kwashi sauran motocin suka tafi biki Kaduna. Kabiru na shara ya hangi wani shuɗin haske a kan siminti. Haidar ya kashe komai ya mance da na ƙarƙashi. Ya kira shi.

"Yallaɓai, wutar ƙasa tana kunne. Ko in cire kan batir?"

"Ka ce me? Kabiru, ko bonet ɗin motar nan ka ɗaga, a bakin aikinka. Ka san nawa aka haɗa ta?" Ya kashe waya.

Haka Kabiru ya yini yana kallon hasken. Baba Idi, da ya shigo da ɗaurin zogale kamar yadda ya saba kawo wa iyalin Kabiru, shi ma ya duƙa ya leƙa.

"Ɗana, zare wayar mana, ai za ta mutu."

"Baba, yara gare ni."

Tsohon ya jinjina kai. Shi ma a kan irin wannan umarni ya yi furfura a unguwar.

Yanzu ga shi Asabar da hantsi, Baba Idi ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar shukokinsa, masu gidansa suna ƙasar waje, ita kuma mota guda da ta rage a gidan ta zama dutse. Ba ta turuwa, don otomatik ce. Kabiru ya fita da gudu ya bubbuga get ɗin da ke kallon nasu. Maigadi ya buɗe 'yar taga ya ce Hajiya tana hutawa, ba ya iya tashin ta. Kabiru ya kira wani direba abokinsa, ya ce yana Bichi. A unguwarsu ta Nassarawa ko ihu ka yi katanga ce take amsa maka, adaidaita kuwa ba a barin ta wuce shingen bakin layi.

Sai suka sa Baba Idi a baro, nasa na kwasar ganye. Uwani ta cire mayafinta ta yi masa matashi. Kabiru ya tura, ƙafafun tsohon suna lilo a gaba, taya tana kuka, suna wuce gidajen da kowanne ke da motoci a lulluɓe cikin rumfa. Hawayen da ke zubo wa Kabiru ba na tausayi ba ne, na baƙin ciki ne zalla.

Kusa da babban titi Baba Idi ya motsa leɓe. Kabiru ya sunkuya.

"Famfo," in ji tsohon, harshensa ya yi nauyi. "Na bar shi... a buɗe."

"Zan rufe, Baba. Kai dai riƙe salati."

Sun samu adaidaita. A cikinta, kafin ƙofar asibiti, Uwani ta ji kan ya ƙara nauyi a cinyarta. Likitan da ya duba ya ce rai ya yi halinsa, irin wannan ciwo da gaggawa ake tsere masa. Kafin la'asar 'yan garinsu masu gadi da masu wanki suka haɗu aka yi masa sutura aka kai shi. Babu babbar riga ko ɗaya a sahun sallar.

Lahadi da rana mutanen gidan suka dawo daga Kaduna. Alhaji ya yi addu'a, ya ce a kai wa iyalan mamacin buhun shinkafa, ya shige ciki. Haidar kuwa wajen jif ya nufa. Aka jona mata wuta daga wata motar, tana tashi duk fitilun suka kama lokaci guda, ja da shuɗi da fari, suna ta wal-wal a tsakar rana babu wanda suke haska wa.

"Alhamdu lillahi, akwatin bai ƙone ba," in ji Haidar. Sannan ya tuna. "Allah ya jiƙan Baba Idi, kwana ne ya ƙare. Amma kai ma Kabiru, kana gani wuta na ci, ba sai ka cire kan batir ba?"

Kabiru ya juyo ya dube shi. "Yallaɓai, kai ka ce kada in taɓa."

"To ba ka da hankalin kanka ne? Komai sai an faɗa maka?"

Uwani, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta saki salati. Kabiru ya buɗe but ɗin motar ya ɗauko sifana, ya zagayo wajen bonet ɗin da ke ɗage.

"Me za ka yi? Kai! Kabiru!"

Ya kwance noti, ya damƙi baƙin akwatin ya fizge shi da wayoyinsa gaba ɗaya. Fitilun suka mutu tare. Ya ɗora akwatin a tafin Haidar, ya ɗora makullin motar a kai.

"Ga hankalin nawa. Shekaranjiya ya kamata in yi amfani da shi, ina tsoron yaro."

"Ka kori kanka, wallahi!"

"Na sani."

Ya fita ta get da sifanar a hannu bai ma lura ba. Har ya miƙe hanya, sai ya tsaya cak, ya juyo ya tura ƙaramar ƙofar gidan maƙwabta. Baron yana jingine inda ya mayar da shi. Tiyo na kwance a gindin zogale, ƙasar wurin ta jiƙe ta yi taɓo har ta fara tsagewa a rana. Tanki ya daɗe da ƙarewa, ko ɗigo ba ya fita.

Kabiru ya durƙusa ya murɗa kan famfon har ya ɗaure. Sannan ya naɗe tiyon ya rataye shi a ƙusar da tsohon yake rataye shi.