Injin da Ke Aiki Ba Hannu

Wani irin sauti ne, ba kuka ba, ba waƙa ba, kamar sauro ya kai girman akuya. Ya yi iiii, ya tsaya, ya sauya murya, ya ci gaba. Malam Ɗahiru ya kafa kunne a bangon da ya raba shi da maƙwabcinsa Gwadabe.

"Zuwaira, kin ji? Injin nan ne. Amma ga tarin Gwadabe can tsakar gida. To wa ke juya shi?"

"Ku kwanta, Malam," in ji matarsa.

Gwadabe tsohon ma'aikacin wani kamfani ne a Sharada. Da aka rufe kamfanin, ya sayo injin sassaƙa ƙarfe ya kafa a zaurensa, yana murza shi da hannu. Da tsufa ya sa hannun ya fara rawa, sai aka ga ya cire mariƙan injin, ya ɗaura ƙananan moto uku masu juyawa da lantarki a gurbinsu, ya ja wayoyi zuwa wata tsohuwar kwamfuta.

Da safe Ɗahiru ya leƙa. Teburin injin na tafiya shi kaɗai, hagu, dama, ƙarfe na zubar da ɓarɓashi kamar ana goga rogo, mai shi kuwa yana zaune yana shan koko.

"Wa ke ciki, Gwadabe?"

"Ni ne. Hannuna na da nake koya masa, kafin ya gudu ya bar ni."

"Me kake ƙerawa?"

"In ya fito ka gani, Ɗahiru. Kai da gaggawa."

Ɗahiru bai ji daɗin amsar ba. Ƙaramin ƙarfe, ana yin sa a ɓoye, ba hannu? Ya raɗa wa Ashafa mai shayi cewa ko kayan bindiga ne, ko kuma an kawo mutanen ɓoye. Kafin azahar zancen ya zaga layi.

Tun suna samari, kowace asuba Ɗahiru ke ƙwanƙwasa ƙofar Gwadabe ya ce "salla", su tafi masallaci tare. Yanzu hannunsa ya fara nauyi. Ran nan ya tsaya a ƙofar, ya ɗaga hannu, sai ya ji injin na ƙugi. Ya ce a ransa, ai idonsa biyu, shi da abokan aikinsa. Ya wuce.

Hantsi ya yi, ƙugin bai sauya murya ba. Ashafa ne ya ce a ɓalle ƙofar. Suka tarar da Gwadabe a ƙasa, hannu a ƙirji, takalmi ɗaya a ƙafa, butarsa a kife kusa da ƙofa. Jikin bai gama sanyi ba. Injin ya gama aikinsa tuni, haƙorin da yake sassaƙa da shi kawai ke juyawa a iska, don da hannu ake kashe shi.

Ɗahiru ya matsa ya duba abin da ke maƙale a teburin: ƙaramin faifan ƙarfe mai haƙora, yana ƙyalli. Kusa da shi ga wani irinsa, tsoho, haƙori biyu a karye.

Zuwaira ta leƙo daga bakin zaure, ta ja mayafi.

"Na injin taliyata ne. Ni na kai masa. Ya ce kar in gaya muku sai ya yi, kar ku yi masa dariya."

Wani ya lalubo makashin injin. Ƙugin ya ɗauke. Ashafa ya ɗauki butar ya daidaita ta, ya dubi mutane.

"Wai yau da asuba ba wanda ya ƙwanƙwasa masa?"