Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Sai da na shiga lakwal, makarantar boko, na san sunan yayana na yanka. An tara mu a fili ana kiran waɗanda za su zana jarrabawa, mushe, wato malaminmu, ya ce, "Abdulmajid Idrisa," sai na ga Kyarin gidanmu ya miƙe yana gyara wando. Na yi ta dariya har aka sa ni durƙuso.

Shi ne ɗan farin Inna, kuma sunan kakanmu na wajen uba ya ci. Kunya biyu ke nan a kan mace ɗaya: ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta faɗin sunan suruki. Kakarmu Babarbariya ce, ita ta laƙaba masa Kyari, wai tsohon gida ne ya dawo, duk ƙauyenmu na gefen Dogo-Dogo kuma ya ɗauka. Inna ko Kyarin ma ba ta cika faɗa ba. Sai dai ka ji, "Wancan ya ci abinci?" ko "Ku ce wa mai ƙaton kan nan ya ɗaure jaki." A gaban mutane ba ta kallonsa, ba ta zama kusa da shi. Amma ni Aziza, da idona na sha ganin ta zaɓi tsokar da ta fi kowace ta cusa a ƙarƙashin tuwonsa, ta lulluɓe da miya don kada mu gani.

Bayan rasuwar Baba, damina biyu a jere tsutsa ta cinye mana zangarniyar hatsi. Kyari ya leƙa rumbu, ya dawo ya ɗaure jakarsa, ya bi sahun samarin da ke tafiya Libiya neman aiki. Ranar da zai tafi Inna ba ta raka shi ko ƙofar gida ba. Ta juya baya tana sussuka, ta ce, "Ku ce masa Allah ya kiyaye hanya." Yana tsaye taku uku daga inda take.

Shekara uku yana aikin gini a can, gidanmu bai kwana da yunwa ba. Ni kuma na zama malamar lakwal, aka tura ni Dantchiao. A shekara ta huɗu aka yi kamen baƙi, aka kwashe su daga wurin aiki da simintin jikinsu. Sau ɗaya ya kira ni da wayar aro, ya ce suna wani gidan tsare mutane, sun fi ɗari biyu a ɗaki guda. Yana magana yana tari. Na ce me ya same ka, ya ce mura ce. Kyari ko ƙafarsa ta karye, tuntuɓe zai ce maka.

Wata bakwai muna jiran tsammani. Sannan rediyo ta sanar cewa hukumomin ƙasarmu sun daidaita da na can, za a ba da jirgi biyu a kwaso mutanenmu. Wata tawaga za ta zo Dungas ranar kasuwa ta rubuta sunayen waɗanda ake tsare da su, kwana ɗaya tak. Wanda danginsa ba su ba da sunansa ba, ba za a yi masa takardar shiga jirgi ba.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ranar ta faɗo a makon jarrabawa, ina da yara saba'in da huɗu a aji. Na kira Inna na ce, "Ki je kawai ki ba da sunansa, ba wani abu mai wuya ba ne." Ni da aka haifa a ɗakinta, ni da nake taƙama da boko, ban tsaya na tuna wace ce nake aika ba. Da na rubuta sunan a guntun takarda na ba wani mai kabu-kabu ya kai mata, da yanzu wani labarin nake bayarwa.

Ta tafi da maƙwabciyarmu Balaraba, wadda aure ya kawo ta ƙauyenmu lokacin Kyari har ya yi gemu, ba ta taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Mutum ya fi ɗari uku a layi, rana ta take. Da aka zo kansu, mai rubutu, wani saurayi da gajiya ta gama da shi, ya ce, "Sunansa, Mama?" Inna ta dubi ƙasa. Ga maza kewaye da tebur, ga dattawan ƙauyenmu a bayanta, har da ƙanen Baba yana can nesa yana cinikin akuya. Saurayin ya sake tambaya. Na baya suka fara cewa a yi sauri. Sai Balaraba, don ta fitar da ita kunya, ta ce, "Kyari. Kyari Idrisa."

"Shi ne sunan da ke kan katinsa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuma ya ɗauka amsa ce, tunda Kyari suna ne da ake yanka wa rago a wasu gidajen. Ya rubuta, ya ce na gaba ya matso. Da na kira da yamma na tambaya, Balaraba ta ce, "An rubuta, har an buga hatimi." Na ce alhamdu lillahi, na koma gyaran takardun yara.

Jirage suka zo bayan girbin wake. Samari shida na yankinmu suka dawo, a rame kamar karan dawa, ƙauye ya cika da guɗa. Inna ta yi fura tun safe, ta share tsohon ɗakinsa, wai ƙura ce ta dame ta. Har mota ta ƙarshe ta sauke mutanenta ta juya, ba Kyari.

Yakuba, abokinsa da suka yi zaman ɗaki ɗaya a can, shi ya zo gidanmu washegari. Ya zauna a bakin zaure yana murza hularsa, ya ce:

"Wallahi an kira shi, Aziza. Mutumin ambasad ɗinmu, wakilin ƙasarmu, ya zo da takarda, aka fito da mu tsakar gida, yana kira ɗaya-ɗaya. Ya ce Kyari Idrisa, Dungas. Kyari ya miƙe har yana dariya, ya ce mini Inna ce ta je, na rantse Inna ce. Da ya isa tebur, mai gadi ya buɗe nasu littafin, ya ga Abdulmajid Idrisa, sunan da ke kan katin da suka ƙwace ranar kame. Ya ce wannan ɓarawon kujera ne, yana so ya hau da sunan wani. Na yi ihu na ce mutum ɗaya ne, garinmu ɗaya. Aka kwaɗa mini sanda. Shi ma aka kwaɗa masa, aka ja shi ciki."

Na ce, "To mutumin namu fa? Bakinsa ciwo yake?"

"Ya yi magana, a hankali. Babban masu gadin ya ce idan za a yi gardama a kan mutum ɗaya, sai a mayar da kowa a rufe ƙofa. Sai namu ya yi shiru, ya ci gaba da kira."

Inna tana bayan danga, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ɗauki furar jiya ta ba Yakuba, ta ce ya sha, ya rame.

Ni kuwa wuta ce ta kama ni. Na bar aji, na hau mota zuwa Damagaram da takardar haihuwarsa da shaidar mai gari cewa Kyari da Abdulmajid mutum ɗaya ne. Buro uku na shiga, ofisoshin gwamnati, kowanne ya nuna mini ƙofar na gaba. A na huɗu na sami wani dattijo mai furfura, Malam Abdul Razak, wanda ya ce ya yi shekaru yana aiki a ambasad kafin ya dawo gida. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce wace irin ƙasa ce za a doki ɗanta a gaban wakilinta ya sunkuyar da kai? Ya bar ni na gama, ya turo mini ruwa.

"Madam, gaskiyarki. Amma bari in gaya miki yadda aikin yake. Idan muka shiga wurin nan, roƙo muke, ba umarni ba. Ba mu da abin da za mu hana su idan sun ƙi. Wata takwas aka yi ana shan shayi da mutanen nan kafin su yarda da jirgi biyu. Wanda ya je yana da mutum ɗari uku a hannu, ga ɗaya a gefe. Ni ma na taɓa tsayawa a irin wurin, na yi shiru, kuma har yau ina ganin fuskar wanda na bari."

Ban ji sanyi ba, kuma ban yafe ba. Amma na san wata mace a gidanmu da ita ma ta yi shiru a gaban tebur, ba don ba ta so ba. Ya karɓi takardun, ya ce za a aika, sai dai a jira zagaye na gaba. Na ce yaushe? Ya ce idan manya sun sake zama.

Manya ba su sake zama ba sai bayan wata goma sha ɗaya. An ce wani saɓani ne ya shiga tsakanin hukumomin biyu a kan wata magana da ba ta shafi Kyari ba, ba ta shafi kowa a ƙauyenmu ba. Muka yi shuka, muka yi noma, muka girbe. Waya ba ta sake shigowa ba. Inna ta daina zuwa biki da suna, ta ce ƙafa ke damun ta.

Da rediyo ta sanar cewa tawaga za ta dawo Dungas, na ɗauki izini tun da sauran kwana uku na taho gida. Na rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda, na ce wa Inna ta huta, ni zan je. Ta ce a'a, da ita za a je, kuma ita za ta faɗa. Na ce ba dole ba ne, Inna. Ta ce, "Bakina ne ya bar shi can."

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, na zagaya bayan rumbu neman kaza, sai na same ta a tsugune ita kaɗai, fuskarta ga bango. Leɓɓanta na motsi. Na ɗauka tasbihi take, sai na ji. Tana gwadawa ne, kamar ɗan aji ɗaya da aka ba hadda. Ta kan kai "Abdul" ta tsaya, ta sake farawa. Shekara talatin da huɗu sunan yana cikinta bai taɓa bi ta harshenta ba. Na koma da baya a hankali, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Yakuba ya zo.

A Dungas layin bai kai na bara ba. Wannan karon wata mata ce a tebur, da na'ura a gabanta, an ce hukumomin can sun turo nasu sunayen duka don kada a sake samun saɓani. Maza na nan kewaye kamar wancan karon, ƙanen Baba ma ya biyo mu yana tsaye a bayanmu. Na riƙe takardata a hannu ko da za a buƙata.

Matar ta ce, "Sunansa, Mama?"

Inna ta sauke mayafinta zuwa kafaɗa. Ta ɗaga kai.

"Abdulmajid," ta ce. Muryarta ta fita fiye da yadda ta yi niyya, har na ƙarshen layi suka waiwayo. "Abdulmajid Idrisa. Ɗana ne. Ɗan farina."

Ƙanen Baba ya sunkuyar da kai. Matar ta yi murmushi ta danna na'ura, ta ce, "Yauwa, ga shi nan, ya fito." Inna ta damƙe hannuna har na ji zafi. Sai na ga murmushin matar ya tsaya. Ta matso da fuskarta, ta sake karantawa, ta dubi abokin aikinta. Ta tashi da kanta ta jawo kujerarta ta zagayo da ita.

"Zauna, Mama."

Ni na iya karatu, don haka na leƙa. Sunan yana nan daidai, ba harafin da ya ɓace, da sunan Baba, da Dungas. A jeri na biyu yake, na waɗanda ba sa buƙatar kujera a jirgi. Ciwon ƙirji, wata biyar da suka wuce, an binne shi a can. Na lissafa a raina, lokacin muna shuka ne.

Inna ba ta zauna ba. Ta dubi fuskata, ta gane. Ta ce, "Na faɗa daidai, ko?"

Na ce, "Kin faɗa daidai, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da mayafinta, muka fita ta cikin kasuwa. Mai kabu-kabu ya tsaya, ta ce a bar ta ta taka tukuna. Muka bi gefen hanya, tana gaba ina baya, tana ta kiran sunan a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.