Ram Huɗu da Likitan Haƙori

"Yaya, don girman Allah ka fitar da hannunka daga cikin kwamfutar nan. Ba bakin mutum ba ne da za ka wuni kana cire-cire."

Yayan nata bai ko ɗago ba. Yana durƙushe a gaban tebur, ya cusa kai cikin akwatin kwamfutar har wuya, ga 'yar tocila a baki. Sai da ya ga dama ya ciro tocilar, ya ce ita fa Auta matsalarta ke nan tun tana rarrafe, rashin haƙuri. Shi da ya haɗa kwamfuta bakwai da hannunsa, ba ƙanwar bayansa da ya goya ce za ta nuna masa inda ake saka ram ba. Auta ta ce ita dai ba ta tuna ranar da ya goya ta ba, abin da ta tuna shi ne rediyon Baba da ya kwance yana ɗan shekara goma sha biyu, har yau ba a ji muryarsa ba. Yaya ya ce wannan rediyo dama can a mace yake.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi ta gota, tun tara kuma suke wannan abu.

Auta mai zanen gine-gine ce. Shekara shida ta yi tana yi wa wani kamfani aiki, ita da zane, oga da sa hannu, har dai bara ta yi zuciya ta ajiye musu kayansu, ta mayar da ɗakin baƙinta ofis. Wannan ne babban aiki na farko da ya leƙo ta. Masu wata makaranta ne ke son sabon ɗakin karatu mai hawa biyu, yau ƙarfe huɗu kuma za su zauna su kalli nata da na wasu mutum biyu, su ɗauki ɗaya. Zane kam ta gama shi tsaf, har inuwar bishiyar da ba a dasa ba ta saka. Abin da ya rage shi ne kwamfuta ta haɗa shi ya zama bidiyo, yadda mai kallo zai ji kamar da ƙafarsa yake yawo cikin ginin. A nan ne kwamfutar ta ce ba da ita ba. Sau huɗu Auta tana sa ta, sau huɗu tana tafiya lafiya lau, da ta iso matakalar bene sai ta sandare kamar an zuba mata ruwan sanyi.

Shi kuwa Yaya likitan haƙori ne, amma a takarda kawai. Zuciyarsa tana cikin kwamfuta. Matarsa ta sha faɗa wa dangi cewa ɗakinsa ya fi shagon masu sayar da fitilu walƙiya, in ya shiga kuma ko gobara ake yi sai dai a aika masa saƙo ta waya. Da Auta ta kai masa kuka, ko minti ɗaya bai yi ba ya gano ciwon, kuma a nan dai a ba shi gaskiyarsa. Ya ce ram ɗinta ne ya yi kaɗan. Wai shi ram kamar tebur yake, a kansa kwamfuta ke baje duk abin da take aiki da shi, ita kuma Auta so take ta baje gini hawa biyu a kan tiren shayi. Shi ne yau da safe ya rufe asibiti ya iso da wani kwali mai sheƙi. A ciki akwai sanduna huɗu baƙaƙe, kowace tsawon tafin hannu, kowace giga talatin da biyu, gaba ɗaya ɗari da ashirin da takwas, ga wani layin fitila a gadon bayansu. Ya riƙe su da yatsu biyu kamar jariran da aka haifa yanzu. Ya ce aikin minti biyar ne, ta ɗora ruwan shayi.

Shayin ya huce, an sake ɗumama shi, ya sake hucewa.

Abin da ke faruwa shi ne, in ya jera sandunan a gurabensu ya danna maɓalli, fankoki su ɗauka, fitilun ram su kama ja da kore da shuɗi gwanin sha'awa, amma fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Can cikin akwatin kuma wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta tsaya cak tana kallonsa. Yaya yana da doka, wai shekarun gwaninta ne suka koya masa: kwamfutar da ba ta nuna hoto ba kafin a ƙirga talatin, akwai abin da ke damunta. Saboda haka sai ya ƙirga a bayyane, ya ja tsaki, ya danne maɓalli har ta mutu, ya zare sandunan, ya hure su, ya goge bakinsu da robar goge fensir, ya mayar da ta farko gurbi na uku, ta uku gurbi na biyu, ya sake kunnawa. Karo tara ke nan.

Auta ta ce to a mayar mata da tsohon ram ɗinta. Ya tambaye ta ko tsohon ya koyi hawa bene ne cikin dare. Gaskiya ce, kuma ba abin da ya fi gaskiyar Yaya ɗaci. Ta ce to a kira mai shagon da ya sayar da su. Nan ya ajiye sukundireba ya dube ta kamar ta zage shi. Wai mai shagon da shi kansa wurin Yaya yake zuwa tambaya?

Ta koma bakin taga ta tsaya tana lissafin lokaci. Tsohon ram kan ci awa biyu kafin ya kai inda yake sandarewa. Hanya rabin awa ce in motoci sun yi mutunci. Ke nan in ƙarfe ɗaya da rabi ta yi ba a fara ba, sai dai ta je ta tsaya gaban mutane da takardu a hannu tana cewa su rufe ido su hango. Ta tuna oganta na da, da irin murmushin da zai yi in labari ya kai masa.

Ana cikin haka aka turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa. Mutum ɗaya ce a duniya ke shigowa haka, Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu. Kullum kukan gwiwa take, amma in ta samo labari mai zafi bene hawa uku ba ya yi mata komai. Ta shigo tana haki, ta ce, "Ku ba ni kujera, 'ya'yan nan, yau na ga abin da ya fi ƙarfin bakina."

Gwaggo tana da wata ɗabi'a da duk dangi suka sani. In za ta ba da labari sai ta kama wuyan hannun mai sauraro, ba ta kuma saki sai ta dire. Ba a taɓa samun wanda ya fizge ba. Ana cewa marigayi Baba ya taɓa rasa jirgi a hannunta. Auta da ta san kwanan zancen, tuni ta sure tiren shayi da hannu biyu ta rungume. Yaya ne tsautsayi ya faɗa wa. Ya danna maɓalli karo na goma ke nan, ya kai ashirin da biyu a ƙirga, ya juyo don ya gaishe ta, sai ji ya yi caraf an damƙe masa hannun dama. Ta zauna a kujerar Auta, ta jawo shi ya durƙusa a gabanta, bayansa ga kwamfuta.

Labarin matar tela ne, maƙwabciyarta. Wai ta ga firji a gidan ƙawarta, ta rantse sai ta yi wanda ya fi shi, aka kawo mata wani mai ƙofa biyu kamar kabad ɗin amarya. Ƙarti huɗu suka hau da shi, ya iso bakin ƙofa ya ce nan ya tsaya. Aka juya shi ta gefe, aka kwantar da shi, aka ɗaga shi, ko alama. Yau kwana uku yana tsaye a baranda an lulluɓe shi da zanen gado, duk mai wucewa sai ya matse ciki. Kafin Gwaggo ta kai nan sai da ta bi ta kan wace ce matar tela, da wace ce uwarta, da yadda uwar ita ma ta taɓa sayen gado ya fi ɗaki.

Yaya ya ce, "Gwaggo, bari in ɗan kashe wannan abin in dawo."

"In ka kashe shi zai gudu ne? Zauna, Likita. Ban zo wurin daɗin ba ma."

Ya lallaɓa hannun hagu ta baya yana laluben maɓalli. Ta make shi ba tare da ta yanke magana ba, ta haɗa duka biyun ta riƙe a cinyarta. Da ɗaya hannun ta zaro wata takarda daga kwalin ram tana fifita.

Auta na tsaye da tire, idonta kan agogon bango. Ɗaya da minti biyar. Ɗaya da minti goma. Fankoki na ta juyi, fitilu na ta rawa, fuska baƙa. Ta yi tunanin ta je ta kashe da kanta, sai ta ce a ranta, in ta kashe sai kuma me? Ta gaji. Hawaye ya taru mata, ga kuma dariya na cin ta, don Yaya, babban likita mai furfura a gemu, yana durƙushe yana cewa "ikon Allah" da "to, to" a duk inda ya kamata, gumi na bin wuyansa. Gwaggo kuwa ta kai inda tela ya ɗauko guduma zai cire ƙyauren ƙofa, mai gidan haya ya hawo yana tambayar wa ya ba shi izini.

Sai kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, ƙit.

'Yar fitilar nan ruwan ɗorawa ta mutu. Fuska ta yi haske, ga hoton da Auta ta saba gani kullum, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ba ta san lokacin da ta dire tire ba. Ta duƙa ta kan kafaɗar Gwaggo ta jawo linzamin kwamfutar, ta duba: giga ɗari da ashirin da takwas, cif. Ta buɗe zanen, wanda da sai ta je ta wanke fuska ta dawo kafin ya buɗe, sai ga shi tar kafin ta ƙifta ido. Ta yi bisimilla ta sa shi aiki.

Yaya ya samu hannunsa ya dawo, yana murza shi. Ya gyara murya ya ce dama ya san wannan jerin na ƙarshe shi ne daidai, tun da ya saka ya ji a jikinsa.

Idon Auta kuwa ya sauka kan takardar da Gwaggo ke fifita da ita. Akwai wani rubutu da jan tawada a sama. Ta karɓa ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta fassara musu a hankali, da irin muryar da ake karanta wa yara darasi. Takardar cewa ta yi, ram mai yawa irin wannan, ranar farko sai kwamfuta ta zauna ta gwada shi sanda bayan sanda kafin ta nuna komai. Abin yakan kai kwata na awa fuska na baƙa. Kada a kashe. In an kashe ko an sauya wa sandunan wuri, daga farko za ta sake.

Gwaggo ta dubi takarda, ta dubi Yaya. Karatunta bai yi nisa ba, amma irin wannan ba ya wuce ta.

"Tsaya in gane. Wato tun safe baiwar Allah tana ƙoƙarin tashi, kai kana bi kana maƙure ta?"

Yaya ya ce ba haka zancen yake ba, irin waɗannan takardu don 'yan koyo ake sakawa, shi bai taɓa karanta su ba. Gwaggo ta ce ai an gani. Ta ce ashe da ba ta zo ba da har magariba yana nan yana ƙirga talatin. Ta dubi tafin hannunta ta jinjina kai, wai ita ba ta san tana da ilimin kwamfuta ba sai yau.

Don ya wanke kansa, sai Yaya ya matso ya ce ram ɗin fa ba a kan cikakken gudunsa yake ba, akwai wani wuri da zai shiga ya taɓa, a kashe a kunna sau ɗaya kawai. Auta ta jawo kujera ta zauna daram tsakaninsa da akwatin, ta ce, "Yaya, ina ganin girmanka. Amma in ka taɓa maɓallin nan kafin ƙarfe huɗu, sai dai a kira taron dangi."

Suka zuba wa fuskar ido su uku. Hoton ya bi ta ƙofar ginin, ya ratsa tsakanin kantocin littattafai, ya iso gindin matakala. Auta ta ƙara matsowa. Ya taka ta farko, ya taka ta biyu, ya haye sama abinsa ko tuntuɓe babu, hasken taga na zuba a kan teburan karatu. A ƙasa kwamfuta ta rubuta saura minti arba'in. Auta ta kifa kai a tebur tana dariya tana share ido, ta ce har wanka za ta samu ta yi. Ta ɗago ta ce wa Yaya ta gode, kuma har zuciyarta ta faɗa, don ram dai shi ya gano, shi ya kawo.

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma Gwaggo ta riga ta manta da matar tela da firjinta, ta samu wanda ya fi shi. Ta zaro waya daga jaka, ta kira matar Yaya, ta sa a lasifika. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "'Yata, zauna in ba ki labarin mijinki. In kin gama ji ki ba ni lambar yayarku, ta goge a wayata, ita ma sai ta ji."

Daga cikin waya aka ji matar ta fara dariya tun ba a faɗi komai ba.

Yaya ya tattara sukundirebobinsa, ya cusa tocila a aljihu, ya ce shi yana da marasa lafiya da ke jiransa, ba shi da lokacin shirme. Auta ta ce ya tsaya ya sha shayin mana, karo na uku ke nan ana ɗumamawa. Bai juyo ba.

Gwaggo ta ɗaga wayar sama ta nufi ƙofa da ita, ta ce, "Ga shi nan zai fita. Yi shiru ki ji."

Yaya ya fita ya buga ƙofar, garam.